Ranar Ɗan Fari

Hansai mai tuwon bayan tasha ta haifi 'ya'ya shida a Agege, amma in ka tambaye ta sai ta ce biyar. Ba mantuwa take yi ba, na farin ne ba ta ƙirgawa. Ita mutuniyar Ɓagwai ce ta ƙasar Kano. A jirgin ƙasa aka kawo ta amarya gidan Hamidu dillalin goro, shekara biyu da isar dogo Kano, kuma ta zo da kunyar ɗan fari a ƙulle a bakin zane, ba ta taɓa kwance ta ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan ta bushe, ko akwai mai ji." Shi kuwa Shitu, don mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗin sunan, sai ya tashi ya ɗauki tulu.

To, ga inda aka zo aka zauna. Yarbawa da sunan ɗan fari suke kiran uwa, girmamawa ce a wurinsu. Saboda haka kullum safiya maƙwabciyarta Iya Dele, mai sayar da agidi, takan leƙo ta kan darni ta ce, "Iya Shitu, an kwana lafiya?" Hansai kuwa sai ta yi kunnen uwar shegu, ta bari sai an ɗan jima, sannan ta gaishe ta kamar yanzu ta gan ta. Shekara da shekaru a haka, ba wadda ta gaji. Zumunci kuwa sai wanda ya gani: ranar Sallah ƙafar rago takan tsallake darni, ranar Kirsimeti akushin shinkafa da kaza yankan Hamidu yakan tsallako.

Iya Dele ita ce shugabar mata a cocin Metodis na gefen kasuwa, wanda Yarbawa ke kira Eleto. Daga bakinta Hansai ta fara jin labarin wata mata ta Ingila, wata rana da damina, shekarar da aka yaye auta Talatu. Ranar gidan ya kacame. Tagwaye, Hassana da Usaina, sun fasa tukunyar miya garin kokawa, Gambo ya cusa ƙwayar gyaɗa a hanci, Rahmatu ta yi fushi ta shige ɗaki ba wanda ya san dalili, ga leburorin tasha a ƙofa da kwanoninsu suna jira. Hansai ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

Iya Dele ta leƙo. Hausarta ta 'yan goro ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma ana ganewa.

"Iya Shitu, yara shida ne zai kashe ki? Wani mata a Ingila ya haifi goma sha tara."

Wannan karon Hansai ta manta da kunnen uwar shegu. Ta ce, "Goma sha tara? Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Tara sun koma, goma sun tsaya. Mama Susana sunanta. Ɗanta ne ya kafa cocinmu, kusan shekara ɗari biyu ke nan. Kin san abin da ta yi? Ta raba musu kwanakin mako. Kowane yaro da yammarsa. Ta zauna da shi, shi kaɗai, ta tambaye shi abin da ke ransa, ta rufe baki ta ji. Mu ma a coci haka muke yi da mata ran Laraba, daga wurinta muka gada."

Hansai, muciya a hannu, ta ce, "Har da na farin?"

"Na fari ba ɗa ba ne?"

Hansai ta koma tuƙin tuwonta.

Amma maganar ta zauna mata. Bayan kwana biyu ta tari Hamidu da ita, tana tsoron kada a ce ta ɗauko abin coci ta shigo da shi gidan Musulmi. Hamidu mutum ne da ba ya yanke magana sai ya ɓare goro. Ya ɓare, ya tauna, ya ce, "Malamai sun ce hikima ɓataccen kayan mumini ce, inda ya gan ta ya ɗauka. Ni dai in zai sa a daina fasa mini tukwane, ki fara yau."

Haka aka fara. Ta shimfiɗa tabarma a bayan madafi, gindin bishiyar lemo, ta ajiye 'yar kujera. Litinin ta Rahmatu, Talata ta Talatu don ba mai ja da ita a kan wannan, Laraba ta tagwaye, Alhamis ta Gambo. Bayan la'asar mai rana zai zo ya zauna, ta ce, "To, me ke ranka?" Da farko yaran sun ɗauka tarko ne, kowa ya zo yana rantsuwar ba shi ya sha nono ba. Da suka ga ba bulala, sai bakuna suka buɗe. A nan ta ji cewa Gambo ba ƙin makarantar allo yake ba, ragon malam ne ke tunkuyinsa a zaure. A nan ta gane Usaina ta gaji da a riƙa ɗinka musu kaya iri ɗaya, har aka tsaga Laraba biyu. A nan Rahmatu ta faɗi wanda take so tun kafin manema su yi yawa, aka kuma ba ta shi. Ko bayan aurenta, duk Litinin sai ta tako daga gidan mijinta ta karɓi ranarta, ba ta yafe ko ɗaya.

Juma'a da Asabar da Lahadi kuwa suna nan ba mai su. Shitu yana da shekara goma sha shida lokacin, kuma ya iya ƙirga. Da ƙafar kujerar ta karye ma shi ya gyara ta, ya mayar gindin lemo.

A nan ne Hansai ta yi kuskure, kuma ba za a ce da mugunta ta yi ba. A Ɓagwai, ɗan fari ba ya rasa gata. Ana yaye shi sai a miƙa wa kaka, ita ta goye shi, ta yi masa kirari, ta ɓoye masa ƙashin miya, ta shagwaɓa shi har ya fi ƙarfin kowa. Uwa ta ja baya ne don ta san akwai masu matsowa. To a Agege wa zai matso? Kakanninsa suna can mil ɗari bakwai. Kunyar ta biyo jirgi ta zo, kakar ba ta zo ba. Yaro ya tashi cikin 'ya'yan Yarbawa yana jin iyayensu mata na amsa sunayensu da alfahari a kasuwa, shi tasa uwar da randa take magana.

Ya girma, ya shiga aikin reluwe, ya zama fayaman, wato mai ɗibar kwal da shebur yana zuba wa wutar inji. Shekara uku yana bin jiragen kaya tsakanin Ebute Meta da Ibadan. Sai ga shi wata Asabar ya gaya wa ubansa an mayar da shi Nguru, can inda dogo ya ƙare, ranar Alhamis zai tashi. Hansai ta ji daga madafi. Ta ce wa tukunya, "Allah ya sa alheri ne." Ta ɗauka aikin Turawa ne, inda suka ga dama nan suke jefa mutum.

Ran Litinin Rahmatu ta zo ranarta, goye da jaririnta. Hansai ta ce, "To, me ke ranki?"

Rahmatu ta ce, "Yau ba nawa ba ne, Inna. Na Yaya ne. Ba tura shi aka yi ba. Shi ya je wurin ogansu ya roƙa. Ogan ma ya ce masa, kai ɗan Ikko me za ka yi a Nguru, ya nace."

Hansai ta tsinke ganyen lemo tana murzawa. "A kan me?"

"Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, gidan nan kowa da ranarsa, shi da ba shi da rana ai ba za a san ya tafi ba. Ya ce ba ya jin haushinki, ya san ba kya sonsa ne kawai, kuma so ba a yin sa dole."

Hansai ta ce a ranta, ita da take ware masa tsokar da ta fi kowace a miya, ta ce wa Talatu ta kai wa "wancan"? Ita da duk sallar da ta yi sai ta sa shi a farkon addu'a? Ashe duk wannan a cikin cikinta ya tsaya. Ta ji tsoro, tsoron da ba ta taɓa ji ba: kwana uku suka rage, in ya hau jirgin nan da wannan magana a ransa, da ita zai zauna a Nguru, da ita zai yi aure, da ita zai tsufa.

Ran Talata ta ɗaura aniya. Da hantsi ya shigo daga aiki, ta tsaya a tsakar gida ta yi gyaran murya. Ya tsaya. Ta buɗe baki, idonta ya sauka a kan takalmansa, sai ta ji kanta tana cewa, "Kajin nan ba a ba su dawa ba." Ya ɗauko dawa ya watsa musu. Da azahar ta sake gwadawa, ta ƙare da aikensa sayen kanwa, alhali akwai kanwa cike da ƙwarya. Da yamma ta dafa masa dambun da yake so, ta yi hannunka-mai-sanda da ƙarfi don ya ji: "Wasu dai in sun tafi, ban san wanda zai ci dambu a gidan nan ba." Gambo ya ce, "Ni zan ci, Inna." Saura kaɗan ta soke masa ranar Alhamis ɗinsa.

Da safiyar Laraba, a karo na farko, ita ta fara leƙa darni. Ta zayyana wa Iya Dele komai. Iya Dele ta yi dariya har ta dafa turmi, sannan ta ga fuskar Hansai, ta daina.

"Abu mai sauƙi. Ki kira shi. Ki ce Shi-tu. Gwada, ba kowa."

Hansai ta motsa leɓe, ba abin da ya fito.

"Ku Hausawa," in ji Iya Dele, tana girgiza kai. "Kin haifi mutum da zafi, sunansa ya fi ƙarfinki."

"Ba sunan kaɗai ba. In na ga fuskarsa sai harshena ya mutu. Matar nan taku, ba ta bar wata dabara ta irin wannan ba?"

"Ita ba ta da wannan ciwo. Sai dai ki kai wa Allah kuka. An ce ita in gida ya cika mata, ba ɗakin da za ta shiga ta yi addu'a, sai ta ɗaga zanen aikin da ke gabanta ta rufe kai da shi a nan tsakiyar madafi. Yara in sun ga haka sun san Mama na magana da Olorun, Allah ke nan, ba mai taɓa ta. Ki je ki yi addu'a irin taku."

Hansai ta ce, "Ta rufe kai. Ba ta ganin kowa ke nan."

"Ba ta gani."

"Amma bakinta na aiki."

"Addu'a na ce, Iya Shitu."

"Na ji," in ji Hansai. Ta koma gida da sauri.

Addu'ar ta yi ta, ba ta bar ta ba. Amma bayan la'asar ta ba tagwaye dakuwa ta ce su yafe mata Larabarsu, ta aiki Talatu ta ce a gaya wa na ɗakin zaure ana kira a gindin lemo. Sannan ta ɗauko wani baƙin zane mai kauri, rinin garin Kura, ta zauna a tabarma ta lulluɓa tun daga ka har ƙafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a ce ba a ɓoyon fuska ba.

Shitu ya zo yana goge hannu, don akwatinsa yake ɗaurewa. Ya tarar da tulin zane a kan tabarma, ga kujera a gabansa. Ya tsaya yana waige-waige.

"Inna, ba ki da lafiya ne?"

"Zauna," in ji zanen.

Ya zauna. Ƙato ne, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, kujerar ta yi ƙara. Hansai a ciki zufa take yi, ba ta ganin komai sai shuni, amma abin mamaki harshenta na nan da rai.

"To, me ke ranka?"

Ta ji numfashinsa ya sauya. Jirgin yamma ya wuce ta bayan gida, ƙasa ta girgiza, ya yi nisa.

Ta ce, "To in ba ka da ta cewa, ni ina da ita, yau za a juya abin. Wancan da ya wuce, fayaman ɗinsa rago ne."

"Inna, ta ina kika sani? Ko gani ba kya yi."

"Na ji warinsa. Ya tula kwal da yawa ya danne wuta. Wani tsohon direba da ke cin tuwo a nan na tambaya, na ce yaya ake gane fayaman na kirki. Ya ce a dubi hayaƙi. Rago ya zuba da yawa don ya huta, hayaƙi ya fito baƙi ƙirin. Gwani kaɗan-kaɗan yake watsawa, ba ya ajiye shebur, hayaƙinsa ja-ja, sama-sama. Shekara uku, duk ranar da Rahmatu ta ce jirginka zai wuce, ina bayan darnin nan da shanya a hannu. Sau huɗu kawai na ga ka yi baƙin hayaƙi. Uku a watanka na fari. Na huɗun bara da azumi, ranar da ka fita da zazzaɓi ka ce wa ubanka lafiyarka ƙalau."

Kujerar ta sake yin ƙara.

Hansai ta ci gaba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya komawa ba. "A garinmu haka ake yi. Wanda ya fi shiga rai shi ake kau da kai daga gare shi, don kada a ce uwa ta fiye rawar kai. Amma can akwai kaka da za ta faɗa maka abin da ni ba zan faɗa ba. Na manta nan ba ta nan. Laifina ne, ba naka ba. An ce ka ce ba na sonka. To ka ji da kunnenka, don ba zan maimaita ba: ina sonka. Da kai na fara sanin abin."

Ta ji wani sauti kamar tari. Ashe kuka yake yi, irin na maza, wanda ake yi ana jin haushinsa. Ita ma nata ya zo, ta gode wa masu rini na Kura.

Can ya ce, "Inna, takardar ta riga ta fita. Ba a janyewa."

"Ka tafi. Aiki ne, maza na zuwa Nguru su dawo. Ba tafiyar ce ta hana ni barci ba, abin da za ka tafi da shi ne."

"Shekara biyu ne. In na cika zan nemi a dawo da ni."

"Ka nema."

Ya share fuska. Sai kuma ɗan Agege ya motsa a jikinsa, ya ce, "To tunda an fara, Inna, ko sau ɗaya a faɗi sunan mana."

"Kada ka wuce gona da iri," in ji zanen. "Na ce me ke ranka, tun ɗazu ba ka amsa ba."

Ya yi dariya, hanci a toshe. Ya fara. Ya fara tun daga ranar da aka kai shi makarantar allo ya waiwayo bai ga ta leƙo ba, ta ce ta leƙa, ta ramin darni. Ya faɗi yadda ya taɓa dukan Dele, ɗan maƙwabciyarsu, don ya ce masa tsinto shi aka yi a tasha. Ya faɗi direban da yake zaginsa da Turanci shi kuma yana rama masa da Yarbanci a zuci. Ya faɗi wata yarinya 'yar mahauta a Ebute Meta mai suna Mero, wadda ya so ya kawo maganarta gida tun bara ya rasa wanda zai gaya wa. Nan zanen ya gyara zama, ya shiga tambaya: 'yar waye, su waye kakanninta, ta iya tuƙi? Shekara ashirin da uku ba sa ƙarewa a yamma ɗaya, amma ya ci rabo mai yawa.

Rana ta yi ja. Hamidu ya dawo daga rumfar goro, ya leƙa bayan madafi, ya ga babban ɗansa a kan kujerar yara yana ba tulin zane labari da hannu bibbiyu. Ya tsaya, ya ɓare goro, ya tauna, ya juya a hankali ya kori sauran yaran zuwa zaure.

Can Hansai ta zuro hannu ta ƙarƙashin zanen ta ce, "Kawo hannunka."

Ya ɗora nasa a kai. Rabonta da riƙe hannun nan tun yana tatata, duk tafinsa bai kai rabin nata ba. Yanzu ga shi ya rufe nata ruf, kanta ta yi masa sulke, ga tabon ƙuna a bayan yatsu, ga wata tsaga a gindin babban yatsa da ba ta gama warkewa ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsanta, a cikin duhu.

"Wannan hannu haka, ba mai shafa masa ko man kaɗe?"

"Ba kowa, Inna."

"Za a sa maka a akwati. Safe da yamma, ba sai an tuna maka ba."

"To, Inna." Ya shaƙi iska, ya waiga wajen madafi. "Inna, tuwonki fa na kamawa."

Ta ƙara riƙe hannun.

"Bar shi ya kama. Ina jinka."